Yadda ake kafa ƙungiyar masunta da za ta tsaya da ƙafarta

Na daɗe ina zama da masunta a bakin ruwa daban-daban, wasu a kogi, wasu a tafki, ana neman yadda za a haɗa kai a gyara sana'a. Ƙungiyoyin da na ga an kafa sun fi waɗanda na ga sun rayu yawa, nesa ba kusa ba. Kusan duk wadda ta mutu, ciwo ɗaya ne ya kashe ta: an kafa ta ne don tarbar wani baƙo mai kuɗi, da baƙon ya tafi sai ta bi bayansa. Wadda ta rayu kuwa, in ka bincika za ka tarar akwai wani ɗan aiki da 'ya'yanta suke yi da hannunsu da aljihunsu tun kafin kowa ya san da su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada ka raina aikin don ka ga kwalekwale ne da taru. Wani babban bincike da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da abokan aikinta a 2023 ya nuna cewa ƙananan masunta ne ke kama aƙalla kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya, kuma cikin kowane mutum 10 da ke wannan sana'a kusan 4 mata ne. Riƙe wannan lissafi na mata, za mu dawo kansa.

Abin da za ka tanada

Kayan ba su da yawa. Littafi uku masu kauri, irin waɗanda ba a yage takarda a cikinsu ba tare da an gane ba: ɗaya na sunayen mambobi da abin da aka yanke a taro, ɗaya na kuɗi, ɗaya na kamu. Sa wa kowane shafi lamba tun ranar farko. Sai biro, da leda mai kauri ta adana littattafan, domin bakin ruwa ba ya barin takarda lafiya. Sai akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, kowane da makullinsa dabam. Sai sikeli, da sandar awo, da allo ko bango mai santsi inda za a riƙa rubuta lissafi kowa ya gani. In babu sikeli, a zaɓi kwando ɗaya ko daro ɗaya a ce shi ne ma'auni, kada a canza shi. In babu allo, gawayi da bango sun isa.

Abu na ƙarshe ya fi sauran wuyar samu: mutum biyu ko uku daga cikin mutanen wurin waɗanda ake yarda da maganarsu, za su yi yawo da kai. Ba lallai su zama masu kuɗi ko masu sarauta ba. A kowane bakin ruwa akwai wanda in rigima ta tashi shi ake kira. Shi kake nema.

1. Fara da kunne

Mako uku ko huɗu na farko, kada ka kira taro, kada ma ka ambaci kalmar ƙungiya. Je inda jirage ke sauka da asuba, ka koma da yamma. Zauna da masu ɗinkin taru. Shiga inda mata ke banda, ka jure hayaƙin. Tambayarka ɗaya ce: wa da wa ke ci daga wannan ruwa? Rubuta su rukuni-rukuni. Akwai mai jirgi, akwai yaran jirgi da ake ba su kaso, akwai mai kamu da ƙafa a gefe, akwai masu fawar kifi da masu kyafa shi da masu shanya, akwai 'yan sari da dillalai, masu sassaƙa jirgi, masu kawo itace. Akwai kuma baƙin masunta da ke zuwa da lokaci su tafi da lokaci.

A wannan yawo ne za ka gano abin da ba a faɗa a taro, wato bashi. Masunci da yawa ba shi da ikon sayar da kifinsa ga wanda ya ga dama, saboda dillalin da ya saya masa taru shi ke da kamun. In ba ka san wa ke bin wa ba, za ka yi mamakin dalilin da ya sa mutum ya yarda da magana a gabanka da dare, gari ya waye ya juya.

2. Zana ruwan a ƙasa

Tara dattawan masunta da matasa kaɗan, ka ba su sanda su zana ruwansu a kan rairayi: ina zurfi, ina ciyawa, ina kifi ke zuba ƙwai, ina 'ya'yan kifi ke fakewa, ina ake yawan faɗa. Kai dai ka yi shiru. Gardamar da za su yi a kan zanen ta fi zanen amfani. In sun daidaita, kwafe shi a takarda, ko ka ɗauki hotonsa da waya.

Sannan a yi lissafin watanni: yaushe ruwa ke cika, yaushe yake ja, yaushe ake samun kifi da ƙwai a ciki, yaushe gida ke shiga matsi. A yi irin wannan zama da mata su kaɗai. Su ne ke buɗe cikin kifi kullum, sun fi kowa sanin watan da yake ɗauke da ƙwai.

3. Zaɓi matsala ɗaya tak

Yanzu sai a kira taro. Za a zubo maka koke kamar ruwan sama: babu asibiti, babu hanya, injin ya yi tsada, kifi ya ragu. Duk gaskiya ne. Rubuta su duka a allo don kada wani ya ji an share shi, sannan ka yi tambaya: wanne ne a cikinsu za mu iya gamawa da kanmu cikin wata uku, ba tare da mun roƙi kowa ba?

Amsar takan zama ƙaramin abu. Share wurin saukar kifi da kafa rumfa don kada rana ta lalata kamu. Sayen sikeli na kowa da kowa, don a daina auna kifi da idon mai saye. Gina murhun banda mai kyau. In murhun aka zaɓa, akwai samfurin da aka ƙirƙiro a Chorkor ta ƙasar Gana a 1969, wanda ake jera faifan ragar ƙarfe masu ɗauke da kifi a kansa hawa-hawa, zafi da hayaƙi su ratsa su duka. Yana cin itace kaɗan, ana gina shi da laka, kuma kafinta na gari zai iya haɗa faifan.

Kada ka fara da dokar hana kamu, ko da ita ce ta fi muhimmanci a ganinka. Mutanen da ba su taɓa haɗa kuɗin sikeli sun ga an saye shi da gaskiya ba, ba za su yarda su ajiye tarunsu saboda alkawarin juna ba.

4. Wa ke ciki, wa ke jagora

Nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. A wani bakin tafki, mun yi zaɓen shugabanni a taron farko. Masu manyan jirage suka cinye kujerun duka, domin babu yaron jirgin da zai ɗaga hannu ya ƙi ubangidansa a bainar jama'a. Dokar farko da suka kawo ta hana kayan kamun talakawa, ta bar nasu. Cikin wata biyu masu ƙananan kwalekwale suka daina zuwa, kuma da gaskiyarsu. Sai da muka shekara muna lallashi kafin a sake zama.

Tun daga nan ga yadda nake yi. A fara da kwamitin riƙo na wata uku, aikinsa kawai ya kai aikin farko ƙarshe. Mutane za su ga wa ke zuwa da wuri, wa ke ɗaukar kaya, wa ke da baki kawai. Bayan nan a yi zaɓe, kuma kowane rukuni ya zaɓi wakilinsa a zamansa dabam: masu jirgi nasu, yaran jirgi nasu, mata masu banda da sari nasu. Ƙuri'a ta zama a ɓoye. In yawancin mutane ba su karatu, a ajiye tulu a bayan shinge da alamar kowane ɗan takara, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa ɗaya.

A ƙayyade wa'adi, shekara biyu ta isa, kuma kada shugaba da ma'aji su fito daga gida ɗaya. Ka tuna lissafin nan na mata: a sa su a kujerun da ke da iko, musamman ta kuɗi. Baƙin masunta kuma a ba su wakili, ko da ba za su yi zaɓe ba. Wanda ba a zauna da shi aka yi doka ba, da dare zai karya ta.

Tsarin mulkin ƙungiya kada ya wuce shafi biyu. A karanta shi da ƙarfi a harshen da kowa ke ji, a gyara, a sake karantawa, sannan a sa hannu ko a dangwala.

5. Kuɗi a fili

Kuɗi ne ke kashe ƙungiya fiye da komai, kuma sau da yawa ba sata ba ce, zato ne. Maganin zato shi ne kada a taɓa kuɗi sai a gaban jama'a. Makullan akwatin nan uku a hannun mutum uku, akwatin kuma a gidan na huɗu wanda ba shi da makulli. Ba a buɗewa sai a taro. A ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla, a rubuta a littafi da allo. A taro na gaba, kafin a buɗe, a tambayi jama'a nawa aka bari. Wannan tsari ya bazu ne daga ƙungiyoyin ajiya na mata da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991, yanzu ana bin sa a ƙasashe da dama, kuma yana aiki ko da babu mai ilimin boko a cikin taron.

Zubi ya zama kaɗan, wanda mafi talauci zai iya. Masunci ba ya samun kuɗi daidai kowane mako, saboda haka ya fi sauƙi a karɓi ɗan kaso a ranar da aka yi kamu, ko da kifi ne, a sayar a zuba. A raba asusu biyu: na aiki, da na taimakon gaggawa don wanda jirginsa ya kife ko tarunsa ya ɓace. Rance kuwa a jinkirta shi sai an shekara. In an fara, a yi shi a ƙananan rukuni na mutum 15 zuwa 25 da suka san juna. In kuɗi ya fi ƙarfin akwati, a buɗe asusun banki ko na waya mai buƙatar sa hannun mutum biyu ko uku.

6. Dokar ruwa

In aikin farko ya kammala, kuɗi kuma ya zauna lafiya, to lokacin babbar magana ya yi. Dalilin dokar ruwa guda ne, kuma kowane masunci ya san shi: kifin da aka kama bai taɓa zuba ƙwai ba, an kama shi da zuriyarsa. Abin da ke hana mutum sakinsa shi ne sanin cewa in ya sake shi, na bayansa zai kama. Aikin ƙungiya shi ne ta cire wannan tsoro.

Fara da abin da kowa ya riga ya tsana: zuba guba ko maganin ƙwari a ruwa, jefa nakiya, da jan gidan sauro a matsayin taru. A kan waɗannan ba a cika gardama ba.

Sai girman kifi. Kada ka kawo awo daga littafi. Ka roƙi mata masu gyaran kifi su riƙa ware waɗanda suka samu da ƙwai na tsawon makonni, a auna tsawonsu. Za a ga tsawon da yawanci ke fara ɗaukar ƙwai. A yanka sanda daidai wannan tsawo, a ɗan ƙara, a rataye ta a wurin sauka. Daga ita za a gane idon tarun da ya dace. A duba kuma abin da dokar ƙasa ta ce game da idon taru, domin dokar ƙungiya tana iya fin ta gwamnati tsanani, amma ba ta iya fin ta sassauci. Kuma a ba mutane lokaci. Taru dukiya ce, wani da bashi ya saye ta. A ce daga kaka mai zuwa, ko a taimaka da asusu wajen musanya.

Sai rufe wani yanki na ɗan lokaci. A zaɓi wuri ƙarami daga taswirar nan, wanda ake hango shi daga gari, a sa masa alama da sanduna ko jarkoki. A ƙauyen Andavadoaka da ke kudu maso yammacin Madagaska, masunta sun gwada haka a 2004: suka rufe wani yanki na teku na 'yan watanni ga masu kamun oktofus, wata halitta mai hannuwa takwas mai saurin girma. Da aka buɗe aka ga girman abin da aka kama, ƙauyukan maƙwabta suka kwaikwaya, har suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ake kira Velondriake. Gani ya kori ji. Amma ka lura da abu ɗaya: ranar buɗewa ita ce ranar haɗari. In ba a tsara wa zai shiga ba, waɗanda ba su yi haƙurin ba za su cika wurin su kwashe ribar masu haƙuri. A yanke tun kafin a rufe: wa ke da izini, da wane kaya, ƙarfe nawa za a fara. A gayyaci maƙwabta su rufe nasu a lokaci guda.

In rigimarku ta wurin kamu ce, kowa na son gurbi mai albarka, akwai dabarar masuntan Alanya a Turkiyya, wadda Elinor Ostrom, da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi bayaninta. A watan Satumba sukan rubuta sunayen masunta da na guraben kamu, su jefa ƙuri'a a ba kowa gurbin farawa. Daga nan kullum kowa ya matsa gurbi na gaba, zuwa gabas har Janairu, sannan su juyo yamma yadda kifin ke juyawa. Kowa zai ɗanɗana wuri mai kyau, kuma ba a buƙatar mai gadi, domin wanda ranarsa ce a gurbi mai albarka ba zai bari wani ya zauna masa ba.

Kada dokokin su wuce uku ko huɗu a shekarar farko. Kuma a yi tunanin cikin mutane: watan da aka rufe, me za a ci? In babu amsa, a rage faɗin wurin ko tsawon lokacin.

7. Tsaro da hukunci

Masu sa ido su fito daga cikin mambobi, a riƙa karɓa-karɓa, kada su fita ƙasa da mutum uku. Hukunci ya hau mataki-mataki: gargaɗi a gaban taro, sannan tara ƙarama, sannan babba, sannan dakatarwa. Wanda aka kama a ba shi dama ya yi magana. Tara ta shiga akwati da rasit, kada ta tsaya a aljihun wanda ya kama. Ba a duka, ba a ƙona kayan mutum, ba a tsare shi. Abin da ya fi ƙarfinku, kamar masu makami ko manyan jiragen kamfani, a rubuta rana da wuri, a ɗauki hoto in ba haɗari, a kai wa hukuma.

Ranar da za a kama ɗan shugaba ko ƙanin wani babba tana nan tafe. A wannan rana ce za a san ko akwai ƙungiya. Shi ya sa nake roƙon shugabanni tun farko su faɗa da bakinsu a gaban taro cewa tarar gidansu ninki biyu ce.

8. Littafin kamu

A zaɓi jirage biyar zuwa goma, a riƙa rubuta abin da suka kawo kwana biyu a mako: irin kaya, awa nawa a ruwa, nauyi ko kwando nawa. Ɗalibi ɗaya zai iya. Bayan shekara za ku san ko dokarku tana aiki, kuma za ku sami abin nunawa.

9. Hukuma da rajista

Sai yanzu rajista, bayan akwai abin da za a yi wa rajistar. Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a tambayi ofishin kula da kamun kifi ko na ƙungiyoyin gama kai mafi kusa. Tun kafin nan ma ya kamata a ce jami'in yankin da shugabannin gargajiya sun san abin da ake ciki, an gayyace su sun ga aikin farko da idonsu.

Abin da kuke nema wurin hukuma ya wuce takardar shaida. Kuna so ta amince da dokokinku a rubuce, ta kuma amince cewa kuna da haƙƙi a kan ruwan. Yana yiwuwa. A Gambiya, matan da ke ciro kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, daga saiwar itatuwan bakin teku sun kafa ƙungiyar TRY a 2007, a 2012 gwamnati ta ba su keɓantaccen haƙƙin wannan sana'a a dausayin Tanbi. In za ku je, ku tafi da littafin kamu da taswira. Ku kuma san cewa a 2014 ƙasashe mambobin FAO sun amince da ƙa'idojin kare ƙananan masunta, waɗanda suka ce a sa masunta cikin shawarar kula da ruwansu. Ba doka ce mai tilastawa ba, amma magana ce da gwamnatoci suka yarda da ita, kuna da damar tuna musu.

A yi hattara kada ƙungiya ta koma ofishin karɓar haraji. A tafkin Biktoriya, Kenya da Tanzaniya da Yuganda sun kafa kwamitocin kula da wuraren saukar kifi bisa doka. A Yuganda zargin cin hanci da ɗaure wa masu haramtaccen taru gindi ya yi yawa, har aka rushe su a 2015, daga baya aka tura sojoji ruwan. Iko da aka ba ku, in mambobi ba sa iya tuhumar shugabanninsu, ana iya karɓe shi rana ɗaya.

10. In mai tallafi ya zo

Zai zo, domin ƙungiya mai littafi da aiki a ƙasa ita ake nema. A tarbe shi da mutunci, a zaunar da shi a gaban taro, ba a ɗakin shugaba ba. A nuna masa jerin matsalolin nan na allo, a ce ga abin da muke buƙata. In abin da ya kawo ba ya ciki, ana iya cewa a'a. Na ga injin ƙanƙara da aka kafa inda babu wuta tsayayya, ya zama wurin kwanan awaki, mutanen kuma suka rabu biyu a kan wa ya ci kuɗin gyaransa.

Kafin a karɓi kowane kaya a amsa tambaya uku a rubuce: na wa ne, wa zai gyara shi in ya lalace, da wane kuɗi. Ƙarin jirage da taruna kuwa a yi nazari sosai, don in kifi ne ya ragu, ƙarin taru zai ƙara rage shi. Abin da ke rage asara bayan kamu, kamar rumfa, murhu, wurin shanya mai tsabta da rigunan kariya daga nutsewa, ya fi amfani. Kada a yarda a fara biyan mutane kuɗin zaman taro, domin ranar da kuɗin ya tsaya taron ma zai tsaya. Zubin mambobi kuma ya ci gaba ko da tallafin ya ninka shi sau ɗari.

In shekara ta zagayo, a kira babban taro a watan da aiki ya yi sauƙi. A zaɓi mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su bi littafin kuɗi shafi-shafi, su faɗi abin da suka gani. A karanta littafin kamu. A ɗauki dokoki ɗaya bayan ɗaya a tambaya: a bar ta, a gyara ta, ko a soke ta? Sannan a koma kan allon nan na taron farko, a goge abin da aka gama, a zaɓi na gaba.